Wace bindiga zan fara ba yarona ɗan shekara 8?

Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Auyo, kuma gidanmu gidan maharba ne. Mahaifina ya yi farauta, ni ma ina fita idan aikin gona ya lafa. Ina da yaro ɗan shekara 8 mai sa'ar hannu, da danƙo yake sauko da kurciya daga kan kuka, kuma kullum idonsa na kan adakata. Wani maƙeri ya ce zai ƙera masa 'yar ƙarama daidai tsayinsa. Ƙanena da ke zaune a Kano kuma ya ce a bar maganar adaka, shi zai sayo masa bindigar iska irin ta harbin tsuntsu, har ya nuna mini bidiyon yaran Amurka suna koyon harbi da iyayensu. Mahaifiyar yaron ta ce sam ba ta yarda ba, har mun ɗan sami saɓani. Ni kuwa ina ganin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wacce ce ta fi dacewa ya fara da ita?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka tsaya neman shawara tun kuɗi bai fita daga aljihu ba. Zan faɗa maka amsata tun farko, ko da ba za ta yi maka daɗi nan take ba: kada ka ba shi ko ɗaya daga cikin biyun. Bindigar da ta dace da hannun ɗan shekara 8 ta itace ce, wadda kafinta ko masassaƙi zai yi maka, kuma akwai aikin gaske da za ku yi da ita. Zan zo kansa.

Ban ga laifin burinka ba. Kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma harbi ba abin kunya ba ne a addini ko a al'ada. Ya zo a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wasu mutanen ƙabilar Aslam suna gasar harbin kibiya, ya ƙarfafa musu gwiwa, ya kira su 'ya'yan Isma'ila, ya ce ubansu maharbi ne. Ana kuma jingina wa Sayyidina Umar umarnin a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Saboda haka ni da kai ba mu saɓa a kan ya koya ba. Inda muka saɓa shi ne da me zai fara, kuma yaushe.

Mu fara da 'yar adakar maƙeri, domin ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ka fi ni sanin adaka, amma ka yi haƙuri in maimaita maka abin da sabo kan sa mutum ya daina gani. Bututunta yawanci daga famfon ruwa ne ko wani ƙarfen tsohuwar mota. Bindigar masana'anta a ƙasashen Turai sai an gwada bututunta da ɗurin da ya fi na kullum ƙarfi sannan a buga mata hatimi a sayar. Adaka kuwa ranar da ka fara harba ta, ranar ake gwajinta, kuma hannunka ne a jiki. Albarushi da ido ake auna shi, ko da tafin hannu. Kai shekaru sun koya maka inda ake tsayawa. Yaro a tunaninsa in aka ƙara albarushi harbi zai fi kyau, kuma ranar da ba ka nan zai ƙara. Zai iya mantawa ya riga ya ɗura, ya sake ɗurawa a kai. Ga ku a fadama: yaro zai ja bindiga, bakinta ya soki laka, ya toshe bai lura ba. Duk ɗayan waɗannan ukun ya isa ya fasa bututu, kuma idan ya fashe, hannun hagu ne a kansa, fuska kuma tana dab da gindinsa. A unguwar da na taso akwai wani dattijo maharbi da yatsu biyu suka rage masa a hannun hagu. Ya fi shekara ashirin yana shiga daji kafin ranar da ta fashe masa, kuma babu wanda ya taɓa kiransa da ganganci.

Sai abin da ya fi ba ni tsoro, wato jinkirin tashi. Ka san yadda take yi idan albarushi ya sha sanyi: a ja kunama, a ji shiru, sai bayan ɗan lokaci ta tashi. Babba ya san ya ci gaba da riƙe ta a inda ya auna, ya jira. Yaro kuwa abu biyu zai yi, ko dai ya juyo da bakinta ya leƙa ya ga me ya hana, ko ya waiwayo gaba ɗayansa ya ce "Baba, ta ƙi tashi", bakin bindigar na bin juyawarsa har ya tsaya a kan cikinka. Ƙanƙantar da maƙerin yake yi maka talla da ita ma ba sauƙi ba ce. Doguwar bindiga tana da nauyin juyawa, kuma da wuya mai riƙe da ita ya auna kansa. Gajeriya kuwa cikin ƙiftawar ido take kewaye, kuma tsawonta bai hana bakinta kallon haɓar mai ita ba. Ƙara kuma ba ta raguwa don yaro ne ya harba. Harbin bindiga mai albarushi yana kai desibel 140 ko ya wuce a ma'aunin ƙara, kuma a wannan matakin harbi ɗaya ma kan iya yi wa kunne lahanin da ba ya warkewa. Ka duba cikin tsofaffin maharban garinku, nawa ne sai an ɗaga murya suke ji?

Bindigar iska ta ƙanenka ta fi kama da abin hankali, kuma na fahimci dalilin da ya sa ya kawo ta. Ba albarushi, ba hayaƙi, ba ta fashewa kamar adaka. Iska ce da aka matse take tura ɗan ƙwayar dalma, wanda aka fi samu faɗinsa milimita 4.5, kuma irin wannan ake amfani da shi a gasar harbi ta Olimfik daga nisan mita 10. To amma abin da ke huda ƙirjin hasbiya ya sauko da ita, ba zai tsaya a ƙwayar idon mutum ba. Yana fasa ido, kuma yana iya shiga inda ƙashin kai yake da laushi, musamman na ƙaramin yaro. Idan ya bugi dutse ko garwa ko ƙyauren ƙarfe yakan yi tsalle ya dawo ta inda ba a zata ba. Rashin ƙararta ma wata matsala ce: adaka in ta tashi duk unguwa ta ji, wannan kuwa yaro zai wuni da ita a bayan gida da abokansa ba wanda ya sani, sai an ji kuka. Daga ƙauyenku zuwa asibitin ido a Kano tafiyar sa'o'i ce, kuma idon da ya fashe, ko an isa da wuri ba kullum ake ceto shi ba.

Akwai kuma dalmar ita kanta. Yara masu irin wannan bindiga sukan zuba ƙwayoyin a baki saboda hannu biyu na aiki. Ba ka manta abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can ƙurar dutsen zinare ce ta kawo ta, amma ƙarfen ɗaya ne, kuma ɗan kaɗan da ba ya kwantar da yaro yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa ya rage masa kaifin karatu.

Bidiyon Amurka da aka nuna maka gaskiya ne, ana yi. Suna da ƙananan bindigogi da aka ƙera don yara, masu cin harsashi ɗaya tal mai lamba .22, gindinsu gajere, ba su da nauyi, ba sa dukan kafaɗa sosai. Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne filin harbi mai tudun ƙasa a baya, da toshiyar kunne, da tabarau, da akwatin ƙarfe mai makulli, da dokar ƙasarsu wadda ba irin tamu ba ce. Wannan ɗan harsashin yana iya tafiyar da ta haura kilomita ɗaya da rabi. Ka auna wannan nisa a ƙasarku ta Auyo, shimfiɗaɗɗiya, gona na manne da gona, ga makiyayi a bayan gero, ga mata masu itace, ga yara masu korar jan-baki a shinkafa. Kuma duk da tanadinsu ba su tsira ba. A 2013, a jihar Kentaki, wani yaro ɗan shekara 5 ya harbe ƙanwarsa 'yar shekara 2 da irin wannan bindiga da aka ba shi kyauta. An jingine ta a lungun ɗaki, mutanen gidan na zaton babu harsashi a ciki, uwar ta fita na 'yan mintoci. Yarinyar ta rasu. A Ingila kuwa, ko bindigar iska wanda bai kai 18 ba ba ya saya, kuma wanda bai kai 14 ba ba ya harba ta sai da mai shekara 21 ko fiye tsaye a kansa.

Mu dawo gida. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta wa farar hula, irin na yaƙi. Akwai na amfanin kai, wanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma a wannan rukunin ne dokar ta ambaci bindigar iska da sunanta, tare da bindigar farauta ta masana'anta. Sai masu ɗuri ta baki irin adaka, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Mutane da yawa suna ɗaukar bindigar iska kayan wasa ce kamar ƙwallo. A idon doka bindiga ce. Kuma dokar ta ce ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi. Lasisi na mai sunan ne, ba ya naɗe ɗansa ko ƙanensa, ƙera bindiga ba da izini ba kuma laifi ne mai nauyi a kan maƙerin. A 2023 ma Sufeto Janar ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi saboda yawaitar makamai a hannun jama'a. Ka ga ke nan shekara 9 ce cif tsakanin yaronka da ranar da hukuma za ta ko saurari maganarsa.

Na san za ka ce a ƙauye wa yake tambayar takarda. Zamanin mahaifinka haka ne. Yanzu ƙasa ta rikice, mutane a tsorace suke, kuma ganin bindiga a hannu kaɗai kan sa a yanke wa mutum hukunci kafin ya buɗe baki. Har yau zuciyata ba ta huce ba da kisan da aka yi wa mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar dawowa gida Kano yin sallah. Zalunci ne tsantsa, Allah ya jiƙansu. Na kawo shi ne don ka tuna duniyar da wannan yaro zai girma a ciki, inda maharbi yake buƙatar takardarsa da shaidar shugabanninsa fiye da yadda kakanninsa suka buƙata.

Ko da babu doka, Malam, shekarunsa sun isa dalili. Ka ce yana da sa'ar hannu, na yarda. Amma riƙon bindiga ba a iya auna ake gane shi ba, a iya fasa harbi ne: abu ya motsa a cikin ciyawa, zuciya na bugawa, ka tsaya sai ka tabbatar zomo ne ba ɗan akuyar maƙwabci ko ƙafar mutum ba. Ɗan shekara 8 hannunsa na riga tunaninsa, ko da ya fi kowa ladabi, kuma wannan halitta ce ba rashin tarbiyya ba. Yau ka yi masa faɗa ya ce to, gobe abokinsa ya ce "ara mini in gani", ya miƙa. Abdullahi ɗan Umar ya ba da labarin cewa ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, Annabi (SAW) bai ba shi izini ba, sai ranar Handaƙ yana da 15. Maganar yaƙi ce, na sani, amma ka duba: ana cikin tsananin buƙatar hannu, yaron kuma ɗan Umar ne, duk da haka aka jira shekaru. Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, to wannan wutar sau da yawa wani ne yake takawa a madadinsa. Idan kuwa ƙaddara ta faɗa kan ɗan maƙwabci, Allah ya kiyaye, kisan kuskure yana da diyya kamar yadda ya zo a aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i, kuma a wurin malaman fiƙihu abin da yaro ya aikata kan danginsa yake komawa. Diyya ma ana iya haɗa ta. Zaman gari ɗaya da iyayen mamacin, da abin da yaron zai ɗauka a ransa har tsufa, su ne ba su da magani.

To me za ka ba shi?

Ka je wurin masassaƙi ya yi masa bindigar itace, tsawonta daga ƙasa zuwa ƙirjinsa, mai ɗan nauyi, da siffar kunama da kariyarta. Ranar da za ka miƙa masa, kada ka miƙa ta kamar tsaraba. Ka zaunar da shi a zaure, in kakansa na raye a gabansa, ka ce masa daga yau wannan bindiga ce, kuma kullum a ɗure take. Bakinta ba ya kallon mutum, ko da wasa, ko na daƙiƙa ɗaya. Ƙasa yake kallo ko sama. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai an auna an yi niyya. Ba a auna abin da ba a gane ba, kuma sai an san abin da ke bayansa. Ka karanta masa hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim, inda aka hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Yaran gidan maharba ya kamata su haddace shi kamar yadda suke haddace addu'ar cin abinci.

Sannan ka riƙa fita da shi yana ɗauke da ita. A nan karatun yake. Yadda zai bi ta ƙofar zaure da ita, yadda zai tsallake kwata ko hanyar ruwan noman rani, yadda zai shiga kwalekwale, yadda zai ajiye ta in zai sha ruwa, yadda zai juya in an kira sunansa daga baya. Ka riƙa kiransa ba zato, ka ga ina bakin yake nufa. Duk ranar da ya ratsa mutum, ba duka, ba zagi, ka karɓe ta ka ajiye mako guda. Za ka yi mamakin sau nawa za ka karɓa a watan farko, kuma kowace karɓa ka ƙaddara a ranka cewa da ta maƙeri ce, wataƙila da an yi jana'iza. Abin da ake nema shi ne kiyaye bakin bindiga ya bar kansa ya koma hannunsa, ya zama yana yi ba tare da ya tuna ba. Wannan ba ya samuwa a damina ɗaya.

Danƙon da ke hannunsa ma ka sa masa ido, don shi ne madubinka. Yana harbin ƙadangare a jikin katangar mutane? Yana auna abokansa da wasa? Abdullahi ɗan Mugaffal ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana wurgi da tsakuwa, ya ce ba ya farauto dabba, ba ya illata maƙiyi, sai dai ya karya haƙori ya fasa ido. Yaron da bai iya kame danƙonsa a cikin gari ba, bai kai a yi maganar abin da ya fi danƙo ba.

Harbin kansa kuwa, ku koma ga kwari da baka, wanda da ma shi ne asalin sana'ar gidanku kafin bindiga ta zo. Ai har yau shugabanku Sarkin Baka ake ce masa. Ka haɗa masa baka mai laushi wanda zai iya ja ba ya rawar hannu, da kibiyoyin kyauro marasa ƙarfe a baki. Ka cika buhu da ƙaiƙayi, ka jingine shi a gindin katangar ƙasa inda ba hanya a baya, ku fara daga taku goma. Tsayuwa, numfashi, sakin tsirkiya a hankali ba fizga ba, da tsayar da hannu bayan kibiya ta tafi, duk su ne dai zai buƙata ranar da ya riƙe bindiga. Ka gwada idonsa tun yanzu: ya miƙa hannu, ya nuna wani abu mai nisa da yatsa idanu biyu a buɗe, sai ya rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da yatsan bai gusa daga abin ba idan shi kaɗai ne a buɗe, shi ne idonsa mai rinjaye, kuma ta wannan ɓarin ya kamata ya saba aunawa. Akwai na-dama da yawa da idonsu na hagu ne ke rinjaye, su yi ta kuskure ana cewa ba su da hannu. Kaza ko tantabara ba a kafa su a koyi harbi a kansu. Muslim ya ruwaito hanin mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Kuma kibiya ko ba ƙarfe tana tsone ido, don haka in an gama, baka ɗakinka zai koma.

Mafi yawan gadon da kake son ba shi ma ba ya buƙatar makami. Sawun zomo da na kurege, kukan fakara da asuba, bin iska don kada dabba ta shinshino ka, sanin lokacin da dabbobi ke da ciki ko tsuntsu ke kan ƙwai a ƙyale su, bisimilla da yanka, fiɗa, sanin ramin da maciji ke kwana. Ka nuna masa tsuntsayen da ke zuwa fadamar Haɗejiya daga Turai lokacin sanyi, ka gaya masa akwai wuraren da hukuma ta keɓe ba a farauta, kamar Baturiya a nan Jigawa da dajin Falgore a Kano. Farautar taro mai karnuka da gora da barandami, da ta dare mai fitila a goshi, kada ka je da shi yanzu. A nan ne ake harbin mutum a zaton dabba.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan gaggawa, kuma ba ka tambaye ni ita ba. Kai da bakinka ka ce kullum idonsa na kan adakarka. A ina take a daidai wannan lokacin da kake karanta amsata? A ɗure take? Na san al'adar: sauke ɗurin adaka wahala ne, albarushi kuɗi ne, ga tsoron ɓarayin shanu, sai a dawo daga daji a rataye ta yadda take, a bayan ƙyaure ko a saman katanga. Kada ka ce bai san inda take ba, ko ba zai kai ba. Ɗan shekara 8 ya san kowane lungu na ɗakin ubansa, kuma turmi ko kujera sun ishe shi tsani. Bindigar da ta fi kusa da cutar da gidanka ba wadda ake shawarar saye ba ce, wadda ke rataye ce.

Kada ta sake shiga gida da ɗuri. Ka sauke shi a daji, cikin tudun ƙasa, kafin ka doshi gari. Asarar albarushin ɗuri ɗaya ba komai ba ce. Ka zura ƙarfen ɗurinka cikin bututu lokacin da ka tabbatar babu komai, ka yi masa alama daidai baki, yadda ko yaushe ka zura ka ga alamar ta tsaya a sama ka san akwai abu a ciki. Ka samo akwatin ƙarfe ko ka sa mai walda ya yi maka, da kwaɗo mai kyau, makullin a jikinka, ba ƙarƙashin filo ba. Albarushi da harsashi su zauna wani wuri daban, su ma a kulle, nesa da murhu da fitila. Kuma kada ka mayar da ita abin ɓoyo da zai ƙara masa kwaɗayi. Ranar da za ka goge ta, bayan ka tabbatar babu ɗuri, ka kira shi ya riƙe maka tsumma da mai, ka amsa duk tambayarsa. Wata rana ka kai shi daji, ka tsayar da shi nesa a bayanka, ya toshe kunnuwansa, ka harbi kankana ko kabewa, sannan ku je tare ya ga abin da ya rage. Yaro da ya ga wannan da idonsa yakan daina ɗaukar bindiga kamar ta cikin fim. Ka kuma koya masa abin da zai yi in ya tarar da bindiga a gidan abokinsa: kada ya taɓa, ya fita, ya gaya wa babba. Gidajen maharba ne kewaye da ku, kuma ba kowa ne zai sayi kwaɗo ba.

Mahaifiyarsa tana da gaskiya, kuma ya kamata ta ji haka daga bakinka. Idan ka tafi gona ko kasuwa, ita ce ke gida da shi da ƙannensa. Duk abin da ka shigo da shi, ita aka bar wa gadinsa. Ba gadon gidanku take ƙi ba, ɗanta take so ya girma da idanunsa biyu da yatsunsa goma. Ka zaunar da ita ka gaya mata tsarin, ka nuna mata akwatin da makullin, ka ba ta ikon karɓe bindigar itacen ita ma in ta ga ya auna wani. Ƙanenka kuma ka yi masa godiya, zumunci ne ya motsa shi. In yana son yi wa ɗansa alheri, kuɗin bindigar iska zai sayi keke, ko tunkiyar da yaron zai kiwata ta haihu, ko ma ya biya kuɗin akwatin ƙarfen.

Idan Allah ya kai mu ya cika 17, ya shekara tara yana bin ka daji bakin bindigarsa bai ratsa kowa ba, sai ku je wurin Sarkin Baka ya san da shi, ku je ofishin 'yan sanda ku bi hanyar lasisi yadda take a lokacin, a nema masa ta masana'anta mai cin harsashi ɗaya, da abin toshe kunne. Kafin nan, akwatin da kwaɗon su ne na wannan makon, masassaƙi kuma ranar kasuwa mai zuwa. Ka sake rubuto mini bayan girbi, ka gaya mini sau nawa ka karɓe ta itacen, da kuma wane ido ne ya rinjaya. Allah ya raya mana shi, ya tsare gidanka.